Potosi da ƙaramin guziri: amsar tambayoyin da kuka dame ni da su

Tunda na dawo daga Bolibiya kusan duk wanda muka haɗu tambayoyin nan dai su ne, wasu ma sau uku na amsa musu, to na gaji da maimaici shi yasa na tattara su wuri guda. Ni ba attajiri ba ne, jaka ɗaya na goya a baya, motar haya nake shiga, ɗakin haɗaka nake kwana. Wanda yake neman bayanin otal mai tauraro biyar ya yi haƙuri, ba nan ba ne.

Wai Malam ina ne ma Potosin nan, kuma me ya kai ka can?

Gari ne a kudancin Bolibiya, cikin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, yana zaune a gindin wani dutse ja-ja mai siffar malfa da ake kira Cerro Rico, wato dutse mai arziki. A 1545 aka gano azurfa a cikinsa, labarin da ake bayarwa shi ne wani ɗan ƙasa mai suna Diego Huallpa ne ya fara cin karo da ita, kafin kace kwabo Sifaniyawa sun dira sun kafa gari. Zuwa farkon shekarun 1600 mutanen garin sun kai wajen 160,000, ka tuna fa wuri ne da ko bishiyar kirki ba ta fitowa, amma ya fi yawancin biranen Turai na lokacin cika. Har yau Sifaniyawa in za su ce abu ya yi tsada ko daraja sai su ce ya kai Potosi guda.

Abin da ya kai ni kuwa, tsakani da Allah, hanya ce. Daga Sucre zan tafi Uyuni kallon filin gishiri, Potosi na tsakiya, nace bari in kwana ɗaya. Kwana biyar na yi.

Da gaske ne tsayin garin yana kwantar da mutum ko zuzutawa ce?

Ba zuzutawa. Garin yana sama da mita 4,000 daga teku, ƙolin dutsen kuma kusan 4,800. Kwatanta da Jos da muke ta cewa kan tudu ce, ita wajen mita 1,200 ce kawai, Kano ko 500 ba ta cika ba. A can duk numfashin da ka ja, abin da ke shiga jikinka bai wuce kashi 60 cikin ɗari na wanda ka saba samu a bakin teku ba. Su suna kiran ciwon soroche: ciwon kai kamar ana sara, tashin zuciya, kasala, barci ya ƙi zuwa, ka farka tsakar dare kana haki kamar an biyo ka.

Ni ranar farko daga bakin titi zuwa ɗakina matakala goma sha wani abu ce, sau biyu na tsaya, wata tsohuwa da ƙullin kaya a bayanta ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba. Kunya ta kama ni wallahi.

Maganin na farko kyauta ne, shi ne haƙuri. Kar ka sauka daga jirgi ka nufi Potosi kai tsaye. Ka fara yin kwana biyu ko uku a Sucre, ita wajen mita 2,800 take, jiki ya ɗan saba sannan ka hau. Ranar da ka iso kar ka yi komai, ka sha ruwa da yawa, abinci kaɗan, tafiya kamar ta hawainiya. Akwai ƙwayar acetazolamide da likitoci ke rubutawa, ka yi maganar da likitanka tun a gida. In kuma ka ga numfashi ya gagara ko a zaune, ko tari mai kumfa, ko kana tangaɗi kana ruɗewa, to wannan ya wuce jarumta, asibiti sannan a sauko da kai ƙasa. Mafi yawan masu tafiya da ƙaramin kuɗi nan suke kuskure, suna ganin kwana biyun Sucre asara ce, sai su je su kashe ninkinsa suna kwance.

Yaya ni fa AS ce, akwai matsala?

Wannan tambayar ƙanwata ce ta yi ta, kuma ta fi duk sauran muhimmanci a wajenmu domin Turawan da ke rubuce-rubucen tafiya ba ruwansu da ita. Mai sikila, wato SS ko SC, ƙarancin iska a irin wannan tsayi na iya tayar masa da ciwon sosai, ni dai ba zan ba shi shawarar zuwa ba. Mai AS kuma da a gida lafiyarsa ƙalau, an san cewa a wuri mai tsayi sosai saifarsa na iya samun matsala, alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙasan haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma ki san jininki kafin ki sayi tikiti, ki ga likita, in kuma ciwon ya zo ki faɗa musu kina da AS da bakinki, don likitan can ba lallai tunaninsa ya fara zuwa nan ba.

Ta ina ake bi, kuma ya maganar biza?

Tikitin jirgi shi ne giwar kashe kuɗin, komai bayansa ƙananan dabbobi ne. Yawanci sai ka bi ta Addis Ababa ko Istanbul zuwa Sao Paulo a Brazil, daga nan ka shiga Santa Cruz, babban birnin kasuwancin Bolibiya, wanda yake ƙasa-ƙasa da zafi irin namu. Wannan hanyar ta fi sauka a La Paz, saboda filin jirgin La Paz yana El Alto ne, shi ma sama da mita 4,000, ka fito daga jirgi kenan ciwon kai ya tare ka. Daga Santa Cruz sai Sucre, daga Sucre mota awa uku zuwa Potosi. Akwai bas, akwai kuma ƙananan motocin haɗa kuɗi masu ɗaukar mutum huɗu, sun ɗan fi tsada sun fi sauri.

Biza kuwa, Bolibiya ta kasa ƙasashe rukuni uku, kuma yawancin fasfo na Afirka sai da biza. Ka tabbatar da rukunin da fasfonka yake da kuma ƙa'idar ƙasar da za ka yada zango kafin ka biya ko sisi na tikiti. Katin rigakafin shawara, yalon katin nan, ka sa shi cikin fasfo.

To nawa mutum zai kashe a rana?

Kuɗinsu boliviano ne. Farashi ya motsa sosai a 'yan shekarun nan, don haka ɗauki waɗannan a matsayin ma'auni kawai na kafin tsadar: gado a ɗakin haɗaka boliviano 50 zuwa 70, abincin rana na kasuwa 15 zuwa 20, ƙaramar bas ta cikin gari da suke kira micro kuɗinta bai kai a yi magana ba, shiga ramin haƙa da ɗan rakiya 100 zuwa 150. Kaga in ba ranar da ka shiga rami ko gidan tarihi ba, dala 15 zuwa 20 ta ishe ka ka kwana ka ci ka ƙoshi. Yana cikin garuruwa mafi arha da na taɓa takawa.

Amma arhar ta aljihu ce kawai. Garin yana karɓar kuɗinsa ta numfashi da sanyi, kuma duk inda na yi ƙwauro a kan waɗannan biyun sai da na biya daga baya.

Kati zan riƙe ko tsabar dala?

Dala, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, don ɗan canjin can ya fi na Wapa tsantseni wajen duba takarda. Tun 2011 gwamnati ta daɗe tana riƙe da farashi a 6.96 kan kowace dala, sai daga 2023 dala ta yi ƙaranci kasuwar bayan fage ta yi gaba abinta, labarin da ba sai an fassara wa ɗan Najeriya ba. Ma'ana in ka ciri kuɗi da kati kana iya yin asara idan aka kwatanta da mai tsaba a hannu. Ka tambayi mai masaukinka yadda ake ciki a ranar. Kuma ka nemi canji ƙanana, mai sayar da shayi ba za ta iya fasa maka ɗari ba.

Sanyin fa? Kamar hunturun Jos?

Hunturun Jos wasan yara ne. Su suna kudu da mu ne ta fuskar duniya, don haka sanyinsu daga Mayu zuwa Agusta yake, rana tas sama shuɗiya babu gajimare, da magariba ta yi kuma sai ya sauka ƙasa da sifili. Damina Disamba zuwa Maris. Masaukai masu arha yawanci tsofaffin gidaje ne masu tsakar gida da bango mai kauri, kyau kam akwai, abin ɗumama ɗaki ne babu. Bargo za a jibga maka uku huɗu masu nauyi har juyi ya yi wuya.

Kafin ka biya ka nemi a nuna maka banɗaki ka kunna ruwan da hannunka. A wani masauki da na fara sauka an rantse min akwai ruwan zafi, ashe irin kan shawa ɗin nan ne mai lantarki, sai ka rage ruwan ya zama kamar zare sannan ya yi ɗumi, ga wayoyi a waje an naɗe da salatif, na taɓa famfo na ji ya ɗan fizge ni. Washegari na ƙara boliviano 20 na koma inda ake da na gas. Ka sayi hular ulu da safar hannu a kasuwa, sun fi arha a can, ka riƙe man leɓe da man shafawa don fata tana tsagewa fiye da lokacin buji. Ranar ma tana ƙuna, kar ka ce kai baƙi ne ba ruwanka.

Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu, amma sai ya buɗe baki ya yi tambaya. Alade yana ko'ina, sunansa chancho ko cerdo, kitsensa manteca, soyayyensa chicharron. Ka haddace "sin chancho" da "sin carne", wato ban da alade, ban da nama. Abincin da garin ya fi alfahari da shi wata miya ce k'alapurka, ta garin masara da barkono, ana jefa dutse mai zafi a tsakiyar kwanon a kawo maka tana tafasa tana tartsatsi, abin sha'awa, sai dai galibi da alade a ciki, ni kallo kawai na yi. Naman yanka irin namu kar ka sa rai, don haka ni ƙwai, kifin gwangwani, dankali da miyar quinoa, wani hatsinsu mai ƙananan ƙwayoyi, na rayu a kai. Dankali kuwa nan ne asalin gidansa, kala-kala, har da wani busasshe baƙi da ake kira chuño wanda sanyin dare da rana suke busarwa, ɗanɗanonsa sai an saba.

Abin da ya tafi da ni shi ne api. Kunu ne na jar masara mai ruwan shuni, da kirfa da kanumfari, da zafinsa, ana haɗa shi da wani fanke mai faɗi da cuku a ciki ana barbaɗa sukari. Da sassafe a babbar kasuwa, hannunka na karkarwa ka rungumi kofin, kai ka ce koko da ƙosai ne aka canza wa riga. Ka tambaya da mai aka soya. Matan kasuwar ana ce musu casera, su ma haka za su kira ka in kun saba, kuma in ka yi sayayya ka ce "yapa" za a ƙara maka ɗan wani abu a kai. Gyara kenan, sak. Ranar da na gano haka dariya na yi ta yi ni kaɗai.

Ruwan famfo kar ka sha. Shayi kuma ba ya zafi yadda ka saba don ruwa a tsayin nan tun wajen digiri 87 yake tafasa.

Sallah fa?

A ɗaki na yi ta, da ƙasaru. Masallatan da na sani suna Santa Cruz da La Paz. Alƙibla gabas ce ka ɗan karkata arewa. Alwalar asuba da ruwan garin jarrabawa ce, ka roƙi ruwan zafi a fulas tun dare. Azumi kuwa ni ba zan haɗa shi da kwanakin farko a wannan tsayi ba, jiki na buƙatar ruwa sosai, ga rangwamen matafiyi.

Shiga ramin haƙar, yaya abin yake?

Nan ne dalilin zuwan kusan kowa. Har yau ana haƙa a dutsen, dubban mutane, yawancinsu ƙarƙashin ƙungiyoyin haɗin gwiwa da suka yawaita bayan 1985 lokacin da farashin kuza ya faɗi kamfanin gwamnati COMIBOL ya sallami ma'aikata. Azurfar ta ragu, yanzu an fi samun zinki da darma da kuza. Ba gidan tarihi ba ne da aka share aka sa fitilu, wurin aiki ne, kai ne baƙo a ciki.

Za a ba ka riga da wando na roba, takalmin ruwa, hular kwano mai fitila. Sai a fara kai ku kasuwar mahaƙa a unguwar Calvario ku sayi tsaraba: lemon kwalba, ganyen koka da mahaƙan ke taunawa, safar hannu, da nakiyar fasa dutse. Eh nakiya, a shago take a fili kusa da biskit, duk mai kuɗi zai saya. Ni lemo da safar hannu na saya.

Bakin ramin sanyi, kana taka ruwa da laka a kan layin dogo, kai a sunkuye. Can sai ɗan rakiya ya daka tsawa ku manne da bango, sai ga kura ta ƙarfe cike da dutse, samari biyu na turawa a guje kumatunsu a kumbure da koka, ba birki, in ba ka kauce ba kai ka sani. Kuna ƙara nutsawa zafi na ƙaruwa har ka jiƙe da gumi, wasu wuraren rarrafe ne da ciki, wasu tsani ne na katako da ya ga shekaru, ƙura na yawo a hasken fitila kamar gari, kuma duk wannan a inda tun a waje numfashi bai ishe ka ba. Wani lokaci ka ji dum daga ƙarƙashin ƙafarka, wasu sun tayar da nakiya a wani hawa. Awa biyu muka yi ciki, na fito na zauna a ƙasa na kasa magana.

Mai asma, mai ciwon zuciya, mai ciki, mai tsoron matsattsen wuri, ya bari. Kar ka shiga a ranarka ta farko ko ta biyu. Ka sayi takunkumin ƙura na kirki, ɗankwali ba ya tare komai. Kuma nan ne wuri ɗaya da ban yarda a nemi mafi arha ba: ka nemi inda 'yan rakiyar tsofaffin mahaƙa ne, rukunin bai wuce mutum bakwai takwas ba, akwai mutum na biyu da zai fito da wanda ya gaza. Takardar da za ka sa wa hannu tana cewa in wani abu ya faru ba ruwansu, kuma da gaske suke. Dutsen ya zama kamar gidan tururuwa saboda shekara kusan 480 ana huda shi, a 2011 ƙolinsa ya rufta ya yi rami, UNESCO da ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1987 ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2014.

An ce akwai gunki a ciki, gaskiya ne?

Akwai, El Tio suke ce masa, wato Kawu. Mutum-mutumi ne na laka mai ƙaho, a zaune, an lulluɓe shi da ganyen koka da tarkacen takardu masu launi, sigari a baki. Mahaƙan a waje Katolika ne, a ƙarƙashin ƙasa kuma sun ɗauka shi ne mai ma'adinin, don haka suna zuba masa giya mai ƙarfin kashi 96 suna neman ya bar su su fita lafiya. Za a zaunar da ku gabansa a miƙo murfin kwalba kowa ya kurɓa ya zuba a ƙasa. Na ce addinina bai yarda ba, ɗan rakiyar ya ɗaga kafaɗa ya miƙa wa na gaba, shikenan. Ba wanda ya tsare ni. Kai ma kar ka tsaya yi musu wa'azi ko dariya, ka ja gefe kawai.

Amma ya dace mutum ya biya kuɗi ya je kallon talaka yana wahala?

Wannan ta dame ni kafin in shiga, ta fi damuna bayan na fito. Ƙurar da na shaƙa awa biyu su ita suke shaƙa kullum, tana zama ciwon huhu da suke kira mal de mina, da yawa ba sa tsufa. Akwai yara matasa a ciki. A bakin ramuka kuma mata ne da ake kira palliri suna fasa duwatsun da aka zubar da guduma suna tsintar abin da ya rage, da yawansu mazansu dutsen ne ya ci. Wanda ya san ramukan kuza na Jos ko abin da gubar darma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ga abin baƙo ba.

Ra'ayina, ka je in za ka je a matsayin baƙo mai kunya. Ka gaisa, ka nemi izini kafin hoto, ka kauce wa mai aiki, ka kai tsarabar da za ta amfane shi. Abin da na tsana shi ne masu biya a tayar musu da nakiya a waje don nishaɗi suna ihu suna ɗaukar bidiyo. In ba ka shiga ba ma ba ka yi asarar garin ba.

Da gaske mutum miliyan 8 suka mutu a dutsen?

Za ka ji wannan adadin daga bakin kusan kowane ɗan rakiya, masana tarihi da yawa kuma suna ganin an kambama shi. Abin da ba a musu a kai shi ne tsarin. A shekarun 1570 wakilin sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya kafa aikin tilas da ake kira mita, sunan ma ya dace don abin a yi mita ne: kowace shekara kashi ɗaya cikin bakwai na mazan wasu larduna 16, wajen mutum 13,000, a taso su daga ƙauyukansu, wasu tafiyar makonni da iyalansu da dabbobinsu. A lokacin ne kuma aka fara tace azurfa da zaiba, wadda ake kawowa daga Huancavelica a Peru, mutane suna cuɗa ta da ƙafa, guba ce mai kisa a hankali. An gina madatsun ruwa a tsaunin Kari Kari don juya injinan niƙa, a 1626 ɗaya ta ɓalle ta share wani sashe na garin. Kashi ɗaya cikin biyar na azurfar na sarki ne, sauran ta bi duniya, mai yawa ta ƙare a Sin. Yau kuma yankin Potosi yana cikin mafi talauci a Bolibiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In ban shiga rami ba me zan kalla?

Casa de la Moneda, gidan buga kuɗi, ko don shi kaɗai zuwan ya biya. Ginin da ke tsaye yanzu an yi shi tsakanin 1759 da 1773, ya cinye unguwa guda, da wata fuska mai murmushi a rataye a tsakar gidan farko. A ciki akwai manyan injinan katako na matse azurfa, alfadarai ne ke juya su daga hawan ƙasa. An yi amfani da bayi 'yan Afirka a aikin buga kuɗin garin, wajen wuta da narka ƙarfe, kuma baƙaƙen Bolibiya na yau, da yawancinsu ke yankin Yungas mai ɗumi, tarihinsu ya ratsa ta nan. Na daɗe tsaye a ɗakin narkawar, bangon har yau baƙi ne da hayaƙi. Da ɗan rakiya ake zagayawa, ka sa rigar sanyi, cikin ya fi waje sanyi.

Sauran kuwa ƙafa ce kawai. Dandalin 10 de Noviembre, ƙofar cocin San Lorenzo da masassaƙan ƙasar suka cika da zanen rana da wata da 'yan ruwa masu kaɗa garaya, rufin San Francisco inda ake hawa a ga garin duka da dutsen a bayansa, gidan 'yan zuhudu na Santa Teresa. Lungunan ƙanana ne masu lanƙwasa da barandar katako. Akwai tafkin ruwan zafi a Tarapaya, Ojo del Inca, kamar kilomita 25 daga gari, ka kalla da ido kawai don ya ci mutane.

Ganyen kokan nan ba ƙwaya ba ne? In taho da shi tsaraba?

A'a! Kar ka soma. A Bolibiya ganyen halal ne a doka, ana tauna shi kamar yadda muke cin goro, ana shayinsa a kowane masauki, kuma ganye daban hodar iblis daban duk da daga shi ake fitar da ita. Amma da ka tsallake iyaka sunansa ya canza, ko shayin leda ne. Ka yi tunanin koren fasfo, daga Bolibiya, ta Sao Paulo, ga ganye a jaka, wa zai tsaya jin bayaninka a filin jirgi? Ka zazzage aljihunan jakarka kafin ka taso. Kar ka riƙe wa kowa saƙo ko da ya haɗa ka da Allah. Wanda kuma ake yi wa gwajin ƙwaya a wurin aiki ya sani shayin ma yana fitowa a gwaji na 'yan kwanaki.

Tsaro fa, mace za ta iya zuwa ita kaɗai?

Na haɗu da mata da yawa masu tafiya su kaɗai, Hajiya, garin ba mai hayaniya ba ne. Kallo dai za ki sha, baƙar fata ba ta da yawa, yara har taɓa hannuna suke, amma na sha'awa ne. A kula da jaka a tasha da kasuwa. Akwai tsohuwar damfara a ƙasar ta 'yan sandan bogi masu farin kaya da za su ce a shiga mota a je duba fasfo, kar ki shiga, ki ce a taka zuwa ofis.

Abin da ya fi ɓata tafiya shi ne bloqueo, tare hanya. In mutanen can suka fusata da gwamnati duwatsu suke jerawa a titi, a 2010 garin ya yi kwana 19 a rufe. Don haka kar ki sa ranar jirginki ta matse, ki bar kwana biyu uku a tsakani, ki riƙa tambayar mai masauki labarin hanya.

Kwana nawa ya isa, daga nan kuma sai ina?

Uku. Ɗaya na kwanciya da haki, ɗaya na gidan kuɗi da lunguna, ɗaya na dutse. In ka zo ƙarshen Agusta akwai bikin Ch'utillos, raye-raye a titi kwana da kwanaki, gado yana wuya kuma yana tsada. Daga nan Uyuni awa huɗu ce, La Paz kuma tafiyar dare ce wajen awa goma, ka shiga da bargonka don tagar bas har ƙanƙara take yi ta ciki. Tasha biyu ce a garin, sabuwa babba a bayan gari da tsohuwa, motocin Uyuni daga tsohuwar na shiga, don haka ka tambaya tun daren. Ka ajiye 'yan silalla na kuɗin tasha, ana karɓa daban da tikiti, kuma ka shiga banɗaki kafin mota ta tashi.